Kalmomi Ukun Yaya Ɗanlami

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ɗanlami, mai koyar da kwamfuta a wani shago a Yelwa, nan Bauchi, amma a makon nan na tuna shi da murnar da har na rasa inda zan sa kaina.

Duk wanda ya yi karatu a wurinsa ya san halinsa. Ba ka isa ka ce masa "kwamfuta ta lalace" ka tsira ba. Sai ya tsare ka da ido har ka zaɓi ɗaya cikin kalmomin Turanci uku. Mistek, in ji shi, kuskuren hannunka ne. Bog aibi ne da masu haɗa manhaja suka bari a cikinta. Ero kuwa kukan na'ura ne kawai, ba ya faɗin mai laifi. Ni dai tsokanarsa nake yi, ina cewa ya cika fi'ili, duk ai kuskure ne.

Sai da abin ya zo kaina na gane. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gwallameji, sakamakon jarrabawa ya fito, yaron da ya fi kowa a ajina ya koma na ƙarshe. Uban ya zo yana kumfar baki. Mai makarantar ya ce mistek na yi, in tattara kayana. Ga marayu biyu a hannuna, ba ni da wata hanyar abinci sai wannan aikin.

Yaya ya hau keke ya zo, ko rigar kirki bai tsaya sawa ba. Bai yi musu da kowa ba. Ya roƙi mai makarantar ya shigar da makin da hannunsa, shi ma sakamakon ya fito a karkace. Ashe Abubakar Sani biyu ne a ajina, manhajar kuwa ta ɗauke su mutum ɗaya, tana ba wannan makin wancan.

"Ranka ya daɗe, wannan bog ne," in ji Yaya. "In ka kore ta, gobe ma haka za ka gani."

Wallahi ranar a ƙafa na koma gida saboda daɗi, ina tafe ina dariya ni kaɗai.

Da zai leƙo Bauchin yau, na san da faɗa zai fara. Komai ya lalace, daga banki har wayar hannu, sai ka ji an ce "matsalar netwok ce", kowa ya wanke kansa. Amma da zai biyo ta ofishina da ya washe baki, don yanzu ni ce shugabar makarantar nan.

Ranar Litinin wata sabuwar malama, Rahila, ta shigo ofishina tana hawaye, sunayen ajinta sun ɓace daga kwamfuta. Tun kafin in tambaye ta ta ce laifinta ne, in yi mata rai. Na jawo kujera na gwada da hannuna, nawa sunayen ma suka ɓace. Na tafa hannu kamar wadda aka yi wa albishir, ita kuwa ta tsaya tana kallona.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, shagon ma yanzu na ɗinki ne. Abin da ya bar mana shi ne kada a ɗora wa mutum laifi sai an gwada. Allah ya jiƙansa da rahama.

"Goge hawayenki, 'yata," na ce mata. "Bog ne. Koma aji, yara na jiranki."