Waken Cikin Toka

Shekarar da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki, yunwa ta shigo gidanmu a Gonin Gora ta zauna daram. Ina 'yar shekara tara. Ban da ɗan tuwon da ba ya isar mu, abin da ya rage mai sunan abinci shi ne irin waken Kaka, mahaifiyar Baba, wanda ta taho da shi daga ƙauye. A tulu take ajiye shi, ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka. Duk damina takan shuka shi tsakanin kunyoyin dawa a bayan gida, wai shi ke mayar wa ƙasa ƙarfinta ba sai an nemi takin zamani ba.

Wata yamma, ruwa bai sauka ba tukuna, Baba ya fito da taɓarya ya ce yau sai an fasa tulun nan an dafa.

"Mama, yara na kwana da yunwa, ke kina gadin toka?"

Kaka ta mirgino tulun bakin murhu, ta sa shi tsakanin ƙafafunta, ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan da zafinta. Ban taɓa jin an fara tatsuniya ana huci ba. Baba na tsaye a kanmu.

Wai a wani gari baƙo ya zo da iri mai sheƙi, ya ce shi ne mai cika rumbu. Mutane suka dafa tsohon irinsu suka cinye har da guɗa. Shekarar farko rumbuna suka cika maƙil. Ta biyu suka shuka 'ya'yansa, sai ganye zalla. Aka nemi baƙo, ko ƙyallinsa. Sai aka tuna da wata tsohuwa da ake yi wa dariya, mai ɓoye wake a toka, aka nufi ɗakinta a guje.

Nan Kaka ta yi shiru. Na kasa haƙuri, na tambaye ta ko sun tarar da waken.

"Ban sani ba. Tambayi ubanki, shi zai ƙarasa."

Baba ya daɗe yana kallon tulun. Daga baya ya jingine taɓaryar, ya fice.

Sai da aka yi mako uku kafin ruwa ya sauka. Duk kwanakin nan Kaka ta ce azumi take yi, a raba mana ɗan tuwonta. Ni kuwa haushinta nake ji, ina cewa a raina tsohuwar nan ta fi son wake a kanmu.

Bayan Kaka ta rasu ne mahaifiyata ta gaya mini babu wani azumi da aka sa a coci a lokacin. Tulun yana hannuna yanzu, kuma irin nan nake shukawa tsakanin dawata. Duk shekara in na fasa lakar bakinsa sai kunya ta kama ni, don ni ce na fi kowa saurin miƙa hannu a tuwon Kaka, har da suɗe kwano.