Jiƙaƙƙen hankici a kan famfon mai

Jiya da azahar ina dawowa daga aiki na tarar da maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke, tsaye a bakin titinmu a Lanham, nan Amurka. Tsohuwar motarsa mai ƙaton inji, wadda yake lallaɓawa kamar jaririya, ta mace masa. Ya ɗaga bonet, zafi sai bugun fuska yake yi.

Ya ce akwai ruwa a lagireto, fanka ma na juyawa, amma da ta ɗauki zafi sai ta mutu.

Ban yi wani tunani ba. Na ciro hankicina, na jiƙa shi da ruwan gorata, na naɗe famfon mai da shi. Haka Baba yake yi wa motarsa ta haya a hanyar Zariya zuwa Funtuwa, idan zafi ya hana fetur hawa.

Da muka ɗan jira, ya murza makulli, ta tashi.

Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Babana."

Ya ce, "To, kira shi ka ce na gode."

Wallahi har na sa hannu a aljihu zan ciro waya. Ƙaurin jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙarfe mai zafi ya mantar da ni cewa an binne Baba ina nan, ban samu zuwa ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Ku fa, wane ƙamshi ne yake dawo muku da naku?