Kan Da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

"Yatsun fa sun dawo, jiya har gezar bargo ta kitse."

"A zaune ko a kishingiɗe?"

"To... da filo a bayanta."

Inna mai kitso tana jin su ta bayan labule, 'yarta da likitar motsa jiki, kamar ba da ita ake ba. Tun tana budurwa kawunan unguwa ke wucewa tsakanin gwiwoyinta. A kujerar tsuguno ta ci da marayunta, a kanta kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta da tsinken tsaga a hannu.

Likita ta zaunar da ita a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ta zare filon.

"Inna, miƙo hannu ki taɓa kafaɗata."

"'Yar nan, hannun da ya kitse uwarki ne zai kasa taɓa kafaɗa?"

Ta miƙa. Hannu bai yi nisa ba ƙugu ya saki, ta tafi hagu kamar buhun da ba a cika ba. Yatsun da take taƙama da su suka bar aikinsu suka damƙi katifa. Aka gyara mata zama, aka sake, haka dai.

"Hannu a jikin gangar jiki yake rataye," in ji likita a hankali. "In baya da ciki ba su riƙe ki ba, aikin dogarawa zai yi ta yi. Su za mu bi."

"Ai tun bara muke bin su," in ji Inna.

Likita ta sunkuya tana gyara mata silifas.

Da suka koma gida Inna ta ƙwala wa jikarta kira. "Zo nan, mai kan kwando." Ta sa aka ɗora ta a kujerarta, yarinya ta zauna a ƙasa. Tsagar farko ta fita sak, har 'yarta ta saki guɗa. Layi ɗaya ya kwanta. Amma kitso ba ya yiwuwa sai an sunkuya, da ta sunkuyo wajen ƙeya sai jiki ya bi kai. Ta kifa kan yarinyar da gashi naɗe a yatsunta, yarinya ta tsala ihu.

Da ƙyar aka ɓamɓare yatsun. Aka jingina Inna da bango tana haki, tana kallon kan jikarta, layi ɗaya a kitse, saura a tsefe, ga ɗan jini a gefen kunne.

'Yarta ta ce, "Gobe sai in riƙe ki ta baya, ki ƙarasa."

Inna ta girgiza kai.

"Ɗaura mata ɗankwali ki kai ta gidan maƙwabciya, ta tsefe ta yi mata sabo. Don Allah kada ki ce mata ni na fara."