Ranar da Muka Karɓe Kakin Yaranmu

Akwai wata Asabar da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona. Ita ce ranar da ni da Malam muka tsaya a filin firamaren garinmu muka karɓe kakin 'yan sikawut ɗinmu da hannunmu. Kakin nan ni na ɗinka shi, Malam kuma ya yi shekara da shekaru yana koya wa yara su ga girmansa.

Ni tela ne a wani ɗan gari da ke gaba da Mahuta, in ka taso daga Funtuwa. Malam kuwa tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya ƙi zama a gindin bishiya ya ci goro kamar sauran tsaransa. Ranar da ya fara shigowa shagona da yadin kaki a hammata, gajeren wando a jiki, usur na reto a wuya, sai da na sunkuyar da kai cikin keken ɗinki don kada ya ga dariyata. Na ce a raina tsufa dai iri-iri ne. Ashe ni ma ana jira na a gaba. Kafin shekara ta zagayo ya ja ni da daɗin baki na zama mataimakinsa, ga ni nan da tumbina cikin kaki ina koya wa ƙananan yara maci. Ba mai biyan mu ko sisi. Maiɗakina takan ce ba ta taɓa ganin telan da ke rufe shago ranar ciniki don ya tafi busa usur ba sai ni.

Duk Asabar da safe muke haɗuwa. Malam ya koya musu ɗaurin igiya, kafa tanti, yadda ake tsayar da jini, yadda ake ɗaukar wanda ya karye. Ranar Sallah su ne ke gyara sahu a filin idi, da kaka kuma mukan kai su gonar wata tsohuwa ko wani maras lafiya su karye masara. Yaro ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya yi alkawarin zai riƙe gaskiya, zai taimaki jama'a a kowane lokaci, sannan Malam ya ɗaura masa ƙyallen wuya da hannunsa. Bai taɓa bar min wannan aikin ba. Yakan ce ranar da ya ɗaura wa yaro ƙyalle, ranar ya karɓi amanarsa daga hannun uwayensa.

A cikin yaran akwai wanda ya fita daban, ɗan wani manomi maƙwabcina. Ya shigo yana ɗan mitsitsi, wandon da na ɗinka masa har yana jan ƙasa, ga shi lokacin da abin nan ya faru ya kai shekara sha shida, ya kere ni tsawo. Kowace shekara sai ya kawo wandon in ƙara masa ƙafa, ina tsokanarsa cewa shi da dawar rafi ban san wa ke koyi da wani ba. Shi ne jagoran yaran. Malam ba ya nuna bambanci a fili, amma duk wanda ya ga yadda yake kallonsa a fareti ya san inda zuciyarsa take.

Sai 'yan bindiga suka fara matso mana. Da farko labari muke ji daga nesa, daga baya abin ya zo har bakin gari. Aka kore shanun huɗa na mutane da dama, har da na mahaifin yaron nan, waɗanda ya yi shekaru yana tattali. Gonakin da ke nesa suka zama sai mai ƙarar kwana. Gari ya kafa 'yan sa-kai, amma ba su da yawa, ga masara ta bushe tana jiran hannu.

Wata rana bayan la'asar mai unguwa ya aika aka kira mu ƙofar gidansa. Muka tarar da dattawa zaune a kan tabarmi. Bayan an gaisa ya dubi Malam ya ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaran nan naka sun san usur, sun san bin umarni, ga kaki a jikinsu. Manyan cikinsu muke so ka ba mu. Ba bindiga za mu ba su ba. Su tsaya bakin gonaki da rana, in sun hango babura su busa, mutane su gudu."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, yara ne."

Mahaifin yaron nan, da ke cikin dattawan, ya karɓe. "Yara ne, amma abincinsu ne a gonar. Ni nawa na ba da shi, Malam. In ba yau ya yi mana rana ba, to macin da kuke sa su mene ne amfaninsa?"

"Alhaji, ni kuma ban ba da shi ba," in ji Malam. "Ku gafarce ni. In sintiri ne ku sa ni, ku sa tela. Mu mun ci zamaninmu."

Aka tashi ba daɗi. Ni kaina a hanya na ce masa maganar mutanen nan fa akwai ƙamshin gaskiya, yunwa ma kisa take yi. Ya tsaya ya dube ni, ya ce mutumin da ke bisa babur da bindiga a kafaɗa ba zai tsaya tantance kakin sikawut da na jami'in tsaro ba, kaki kawai zai gani. Abin da ban hango ba ke nan, ni da na ɗinka shi.

Ba a yi mako ba sai ga labari an ga manyan yaranmu a bakin gona cikin cikakken kaki, suna bin 'yan sa-kai a baya, ba su nemi izinin kowa ba. Ga yaro abin burgewa ne, mata na sa musu albarka, tsaransu na kallonsu. Malam ya kira su ya yi faɗa, suka ce to, kashegari suka koma. A nan ya gane muddin ƙungiyar tana nan, kakin yana hannunsu, ba zai iya riƙe su ba. Ya zo shagona ya zauna a kan benci ya ce in sanar da kowane yaro ya zo ranar Asabar da kayan gida a leda. Na tambaye shi dalili, ya ce zai rushe ƙungiyar. Na ɗaga ƙafa daga kan keke na dube shi.

Asabar ɗin suka zo tsaf, an goge kaki, an wanke takalma, suna zaton fita za a yi. Malam ya sa suka yi fareti kamar kullum, bai rage komai ba. Da suka gama ya ce su tsaya a sahu. Ya gaya musu daga yau an dakatar da ƙungiya sai ranar da Allah ya kawo zaman lafiya, kowa ya shiga aji ya canza kaya ya miƙa min kakinsa. Sannan ya fara daga kan ƙarami, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kwance ƙyallen da ya ɗaura. Wani ƙullin sai ya daɗe kafin ya warware. Ƙananan ba su fahimci komai ba. Wani ma ɗaga kai ya yi ya tambaye shi ko wanki za a kai, ko kuwa wani ne ya yi laifi. Malam ya shafa kansa ya wuce.

Da ya iso kan jagoransu, yaron ya sa hannu ya dafe ƙyallensa. Bai ɗaga murya ba, ladabinsa yana nan, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malam, kai ka sa muka yi alkawarin taimakon jama'a a kowane lokaci. Ko alkawarin na ranar Sallah ne kaɗai?"

"Alkawarin yana nan, ɗana."

"To Baba ya yarda."

"Babanka ransa a ɓace yake. In ya huce zai so ya gan ka a gabansa. Sauke hannunka."

Yaron ya ja baya kaɗan, ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi yadda aka koya masa, ya ɗora a tafin Malam. Ya shiga aji, ya fito da tsohuwar rigarsa ta gona, ya ajiye min kakin ya tafi bai waiwaya ba. Ni da na saba surutu kamar an kunna rediyo, ranar ko sannu na kasa ce wa yara. Karɓa kawai nake ina zubawa a buhu.

Abin da ya biyo baya ya ƙona min rai, har yanzu in na tuna sai na ji ɗaci. Gari ya ɗauka Malam matsoraci ne, ya tara yara yana wasan soja da su, da aka zo fagen gaske ya tsere. Mutumin da ake tasowa a gaishe shi ya zama in ya shigo masallaci sai a matsa. Yaran da ya yi wa tarbiyya suna hango shi su sauya hanya. Na sani sarai iyaye da yawa sun ji sanyi a ransu, domin da kaki ya tafi abin ya daina armashi, yaransu suka koma gida. Amma ba wanda ya iya fitowa ya faɗa. Mun iya jin daɗin alheri a ɗaki, mu fito waje mu taya zagin mai shi.

Yaron nan shi kaɗai bai koma gida ba. Ya ci gaba da bin 'yan sa-kai da kayan jikinsa. Malam ya je wurin mahaifinsa, ya kuma je har bakin gona ya sami yaron. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya saurara har ya gama, ya ce Allah ya saka da alheri, ya koma inda yake tsaye.

Da hantsi ne, ina cikin ɗinkin wata riga, muka ji ƙarar harbi daga gabas. Kafin azahar aka shigo da gawar yaron a kan amalanke. Wanda ya ba mu labarin wani magidanci ne da aka harba a cinya, kuma ya rayu. Ya ce yaron ne ya fara hango baburan, ya yi ta ihu har mata da yara suka watse cikin karan dawa. Shi ma ya samu hanyar tsira, ya riga ya yi nisa, sai ya waiwayo ya ga magidancin kwance jini na zuba. Ya dawo, ya yage rigarsa, ya ɗaure masa cinyar, ya ja shi cikin kwari ya rufe shi da kara. Yana miƙewa 'yan bindigar suka gan shi. Da aka kai mutumin asibiti a Funtuwa, sun ce ba don ɗaurin nan ba da bai iso da rai ba.

Ni aka kira in yanka likkafani. Wani ya miƙo min tef, na ce ya bar shi, awon yaron yana kaina. Na yanka ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

A maƙabarta Malam can baya ya tsaya, shi kaɗai. Da aka gama, mahaifin yaron ya ratso mutane ya zo ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Malam, ka faɗa mana."

Malam ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, da na so a ce ni ne na yi kuskure."

Daga nan ba gida ya nufa ba, shagona ya biyo ni. Ya zauna a bencin nan. Sai ya tambaye ni ko na ga ɗaurin da aka yi wa mutumin. Na ce na gani. Ya ce daidai yake, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Sannan ya ce, "Tela, na karɓe ƙyallensa, na karɓe kakinsa. Abin da na zuba masa a zuciya ne ban san yadda ake karɓewa ba. Shi ya mayar da shi baya wurin mutumin nan. Kuma ka san abin da ke ci na? Ko yau aka ce in karɓe, ban san ko zan iya ba." Ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya ƙara.

Bayan kakar nan ɗan Malam ya zo ya ɗauke shi suka koma Funtuwa. Nakan leƙa shi in na shiga sayen yadi, mu yi hirar damina da farashin taki, ba ya tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa. Sauran yaran duk suna raye. Wasu sun yi aure, ni ke ɗinka musu kayan angwanci. In ina gwada su nakan ce su je su gaishe da mutumin da ya yarda gari ya zage shi don su kai yau. Kaɗan sun je.

Abin da na koya shi ne, riƙon 'ya'yan mutane ba sa kaki da busa usur ba ne. Wata rana amanar za ta nemi ka rushe abin da ka gina da hannunka, a kira ka matsoraci, ka haɗiye. Kuma ko ka yi duk wannan, halin kirkin da ka koya wa yaro yana iya kai shi inda hannunka ba ya kaiwa. Ban ce a daina koyarwa ba, domin akwai magidanci a garinmu da ke tafiya da ƙafarsa yana ciyar da iyalinsa saboda ita. Na dai ce wanda zai ɗauki wannan aiki ya san nauyinsa tun kafin ya ɗauka. Allah ya jiƙan yaron nan, ya ba Malam ladan abin da muka kasa gode masa a kai.