Yadda kakata ta ƙi cin abinci a Kuroshiya

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina sabon shiga kwaleji, wuyana kamar na zalɓe, bakina kamar rediyo, aka ce ni zan raka kakata Kuroshiya. Eh, ƙasar nan da kuka sani a wasan balo, masu riga ja da fari gida-gida. Kawuna, yayan mahaifiyata, can yake zaune. Karatu ne ya kai shi Turai, aure ya ƙarasa da shi bakin teku, kuma a shekarar matarsa ta haihu. Kakata ta ce ko a bayan duniya aka ajiye jikar nan sai ta je ta gan ta. To ita ko gaisuwa ba ta iya da Faransanci ba. Aka duba gidanmu na unguwar Birni a Damagaram kaf, aka rasa wanda ya haɗa Faransanci da rashin kunya sai ni. Da aka yi babban hutu muka tashi.

Garin da kawu yake tsohon gari ne. Ganuwar dutse ta kewaye shi, teku ya kewaye ganuwar. Muna shiga ƙofa kakata ta tsaya, ta dubi lungunan, ta ce, "Ashe su ma suna da Birninsu." Gaskiyarta. Lungu ne matsattse, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa gida biyu. Bambancin kawai, namu rairayi ne mai riƙe ƙafa, nasu dutse ne da tafiya ta goge har yana ƙyalli. Na fara yi wa kakata bayanin tarihin wurin, wanda a take nake ƙirƙira, sai santsi ya kwashe ni na zauna daɓas gaban wata kyanwa mai girman tunkiya. Ko motsi ba ta yi ba.

Ta bayan ganuwa kuwa mutane ne kwance a kan duwatsu, sun yi jajir.

"Maigida," in ji kakata, don haka take kirana, "waɗannan me suka yi aka shanya su?"

"Rana suka zo nema, Hajiya."

"Rana? Su zo Damagaram mu auna musu a tiya."

Ni dai washegari na faɗa tekun nan, da iyon da na koya a kududdufin bayan unguwa. Ba wanda ya gaya mini an yi ɓarin gishirin duniya a ciki. Na sha abin da ya kai rabin tulu, na fito ina gaya wa kawu lafiya lau.

Matsalar ba a waje take ba, a tebur take. Kawu da matarsa, wadda nake kira Tanti, suna zaune a saman bene. A ƙasa kuma mahaifiyar Tanti ce, wata gajeriyar tsohuwa mai baƙaƙen kaya da damtse irin na masu dakau. Ita ke girkin gidan. Ranar da muka sauka ta cika tebur da kifi da sauran girki har ba wurin aje cokali, ta zaunar da kowa, maza da mata, suruki da suruka, duk ana kallon juna. Kakata ta ɗosana a bakin kujera, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ka ce mata an gode, Allah ya saka. A ƙoshe nake."

Ku kun san dalili, ni ma na sani. Ga uwar matar ɗanta a gabanta, ga shi kawu ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ina za ta iya buɗe baki ta sa loma? Amma tsohuwar gidan ba ta sani ba. Su a wurinsu, baƙon da ya bar abinci a faranti kamar ya mari mai gida ne.

Magana kuma sai ta yi zango uku kafin ta isa: kakata ta faɗa mini, in juya wa Tanti da Faransanci, Tanti ta juya wa uwarta da yarensu. Tsohuwa ta saurara, ta ce ƙila kifi ne ba ta so. Washegari ta yi kaza, wadda kawu ya yanka da hannunsa. A ƙoshe nake. Ta yi miyar ganye da dankali. A ƙoshe nake. Ta yi wata shinkafa baƙa wuluk kamar an dafa ta da tawadar allo, ta tsaya a kanmu riƙe da ludayi. A ƙoshe nake.

Da tsohuwa ta juya, sai kakata ta turo mini farantinta ta ƙarƙashi-ƙarƙashi. "Rufa mana asiri, maigida. Kada a ce an zubar."

Jama'a, na rufa asiri. Na rufa shi har wandona ya daina rufuwa. Ita kuwa da mun hau sama sai ta kulle ɗaki, ta dama garin furar da ta taho da shi, ta gatsa alkaki, hankalinta kwance.

Ni abin dariya na ɗauke shi, sai ranar da na tarar da Tanti zaune a matakala, jaririya a cinya, tana share hawaye.

"Kakarka ba ta so na," ta ce. "Ba ta yarda da auren nan ba. Tana ɗaukar jaririya, tana yi mata wasa, amma ko ruwanmu ba ta sha."

Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce kawu ma ya yi ta faɗa mata al'ada ce, amma wace irin al'ada ce za ta sa mutum ya zauna da yunwa? Sannan ta gaya mini abin da ya fi wannan muni. Ranar Lahadi za a tafi ƙauyensu a kan dutse, dangi duka za su taru saboda jaririya. Uwarta ta ce in baƙuwa ta mayar mata da faranti a gaban danginta, shi ke nan, ba za ta sake aje mata wani ba, kuma ba ruwanta da dangin miji har abada.

Na garzaya wurin kawu. Ya sosa ƙeya.

"Ni in je in ce mata ta ci abinci? Ka taɓa ganin mun yi doguwar magana? Kai ne mijinta, je ka lallashi matarka."

Na je. Na zauna na yi kalar tausayi.

"Hajiya, ki ci ko loma ɗaya mana. Matar nan ta ɗauka ƙin ta kike."

"Ƙi? Matar da ta riƙe mini yaron nan kamar ita ta haife shi? Ai don tana da girma a idona nake jin nauyinta. In zauna ina tauna tana kallon bakina, ka taɓa ganin an yi haka?"

"Nan fa ba Damagaram ba ce."

"To da na taho, a tasha aka ce maka na baro kunyata? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri. In da gaske take, ta rufe kwano ta aiko mini ɗaki, yadda mutane ke yi."

Na ɗauki wannan shawara da gudu na kai ƙasa. Ta yi zangonta ta isa kunnen tsohuwa. Tsohuwa ta buga ludayi a tukunya. Tanti ta fassara a hankali: "Ta ce marar lafiya ake kai wa abinci ɗaki. Baƙonta da mutane yake ci."

Haka muka shiga Lahadi, ba a sasanta komai ba.

Hanyar dai ta yi daɗi. Muka tsallaka a ƙaramin jirgin ruwa, kakata ta riƙe kunnena tun daga wannan gaɓa har waccan, wai in za a nutse mu tafi tare. Daga nan mota ta yi ta hawa da mu. Itatuwan zaitun, ɓaure, inabi, gyare na ta kuka kamar an biya su. Kowace gona an kewaye ta da jeren duwatsu. Kakata ta leƙa ta ce, "Allah sarki, dutse suke nomawa. Da ƙanena na Gaffati ya ga wannan da ya daina ƙorafi." In ka waiwaya kuwa, ga garin can ƙasa, jajayen rufi cikin shuɗin ruwa, ƙarami kamar ka ɗauka ka sa a aljihu.

A ƙauyen an jera dogon tebur ƙarƙashin rumfar inabi. Kawu ya yanka ɗan rago. Yadda suke gasa shi, a sa nama da dankali a faffaɗan tire, a kife da murfin ƙarfe, a binne murfin da garwashi. Ana yin wannan a wani ɗan ɗakin dutse mai hayaƙi a bayan gida, kuma tsohuwa ta kori kowa, ita kaɗai ke ciki tana fama.

Nan shaiɗancina ya motsa. Na matsa kusa da kakata.

"Hajiya, mutum ɗari biyu fa za a ciyar, ga baiwar Allah can ita kaɗai a wuta. Ko mai miƙo mata itace babu."

Ba su fi cikin mota biyu ba, amma wa ke ƙirgawa? Kakata ta dube ni, ta dubi hayaƙin.

"Duk matan nan zaune? Kai, Turawa ba su da ta ido."

Ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta nufi ɗakin. Na bi ta don in yi tafinta. Su biyun suka juyo, kowace da yarenta, suka kore ni. Wannan kam ban nemi fassara ba. Na zagaya na laɓe a taga.

Ba mai jin wata, amma aiki na tafiya. Wannan ta nuna, waccan ta miƙo. Kakata ta karɓe shebur tana gyara garwashi, tsohuwa na gyaɗa kai. Da aka ɗaga murfin, ƙamshin da ya bugo ni saura kaɗan in faɗa ta tagar. Sai tsohuwa ta yanko wuri mai laushi, ta sa a faranti, ta miƙa wa kakata.

Kakata ta daɗe tana kallon farantin. Ni kuwa na karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta jawo wata 'yar kujera da ƙafa, ta kai ta lungu, ta zauna ta fuskanci bango, ta juya wa duniya baya. Can sai na ga ɗankwalinta yana motsi. Tana ci.

Tsohuwa ta tsaya tana kallon bayan nan. Na ce shi ke nan, yanzu za ta ce an raina ta. Sai na ga ta dafe baki. Ta zuba nata, ta jawo tata kujerar, ta zauna ta jingina bayanta da na kakata, ita tana kallon ƙofa. Suka yi ta ci, ba mai ganin bakin wata. Kakata ta kwance yaji daga bakin zane ta miƙa ta kan kafaɗa. Tsohuwa ta dangwala da yawa, ta ƙware, ta hau tari. Kakata na dariya ta tura mata ruwa ta baya, ba ta waiwaya ba.

Na ruga na jawo Tanti. Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago kuwa kuka take da dariya a haɗe.

Da suka gama, tsohuwa ta ɗauki farantin kakata, an suɗe shi tas, ta fito da shi sama da kai kamar an ci kofi. Rumfa ta kaure da tafi, tsofaffin maza suka ɓarke da waƙa.

"Maigida, ihun me suke?"

"Naman suke wa murna, Hajiya."

"Ba dai wanda ya gan ni?"

"Wa zai gan ki?"

Sauran kwanakinmu, kullum akwai kujeru biyu a madafa, baya da baya.

Har yau in na tuna abin yana ba ni mamaki. Na yi ta kai magana sama da ƙasa, ina jin ni ne babban tafinta, ban gyara komai ba. Kowace a cikinsu girmama 'yar'uwarta take, kuma girmamawar ce ta kusa raba su. Ba wadda ta bar al'adarta a ƙarshe, wuri kawai suka yi wa juna.

Kakata na nan da ranta a Birni. In mata suka zo hira suka tsokane ta, wai an ce ta je Turai ta zauna ta ci nama a gaban suruka, sai ta aje carbi ta dafe ƙirji.

"Ni? Allah ya kiyaye. Ku je ku tambaye ta, in ta taɓa ganin lomata."