Audugar da Ta Mai da Ni Ciyayya

Har yau in na ga ɗan ƙullin auduga sai daɗi ya kama ni.

Ana gab da samun mulkin kai, ina zaune a Fammar, fuskata ta fara ja. Na ɗauko hasken mahaifiyata, don haka abin bai ɓoyu ba: kumatu da karan hanci su yi jawur, su yi ta raɗaɗi kamar na leƙa murhu, ga ƙananan ƙuraje. A firamare an taɓa nuna mana hoton tabon kuturta, ban kuma manta ba. Tun kafin wani ya yi magana na yanke wa kaina hukunci. Na ware kwanona da butata, na daina ba da hannu a masallaci, na janye daga ciyayyar ƙofar gidanmu, inda mu shida muke haɗa akussa tun muna samari. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ina ɗaki ina jiyo dariyarsu.

Matata ta dage da surace. Kullum ta tafasa ganyen sabara, in lulluɓa da bargo a kan tukunya, in fito kamar jan gauta. Muka ce ciwon ne ke fitowa, muka ƙara wuta.

Da abin ya ishe ni na hau keke sai asibitin sha-ka-tafi na Rano. Malamin asibitin, wani dattijo, ya ɗaure mini ido da ƙyalle, ya ce duk inda na ji taɓi in nuna. Don fargaba na nuna goshi.

Ya ce, "Malam, ka bari in fara tukuna."

Ya bi fuskar da auduga. Kunci, na ji. Hanci, na ji. Ko'ina na ji! Ya kwance ƙyallen, ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi irin wannan.

"Ba ita ba ce, kuma ba a ɗauka."

Sau uku na sa ya maimaita. Ya ce ciwon fata ne mai lafawa ya taso, ba a rabuwa da shi, sai dai lallaɓawa: in guji rana, da yaji, da duk abu mai turiri. Da na ambaci surace sai ya riƙe baki.

Na sayi malafa a kasuwa, na taka keken nan har sarƙa ta zame sau biyu. Bayan magariba na fito da akushina da kaina. Taubashina ya ɗago ya ce su sun ɗauka nama aka fara sa mini a miya, shi ya sa na ɓuya. Na zayyana musu komai, har na samo auduga na gwada a kuncinsa. Duk da haka na tsaya ina tambaya ko akwai mai ƙyanƙyami, kada ya ji nauyina.

Babbanmu ya jawo akushina gabansa. Ya ture yajin gefe, ya fifita tuwon da faifai, ya kama hannuna ya tsoma.