Baƙar ƙasar ƙofar gidan Yaya

Yayana bakanike ne, kuma duk faɗin Wudil ban san wanda ya yi imani da baƙin mai kamarsa ba. Man injin da aka juye daga mota bayan ya gama aiki, wasu zubarwa suke yi, shi kuwa magani ya ɗauke shi. Gara ta kama azara, baƙin mai. Ciyawa ta leƙo, baƙin mai. Tireloli sun tayar mana da ƙura, sai ya fito da jarka da guntuwar tsintsiya ya yayyafe ƙofar gida. Da za a bar shi, mai ciwon kai ma da shi zai shafa masa.

Idan layya ta zo kuma, nan duk layinmu ke kawo kai da ƙafa a babbake da tsofaffin tayoyinsa. Shekara da shekaru ana haka, har ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli. Yaya ya riƙa cika baki, wai ko tururuwa ba ta ratsa ƙofar gidansa sai da izini.

Abin da ya fi so a duniya shi ne majalisarsa. Akwai tsohuwar darbejiya a wurin, ƙarƙashinta ake zama bayan la'asar, shi a kan benci yana yanke wa ƙasashen duniya hukunci. Wata damina iska ta tumɓuke ta. Kafin sati ya zagayo, masoyan nan nasa da suka rantse ba sa rabuwa da shi sun koma gindin mangwaron tela, can ƙarshen layi. Ni ma na leƙa sau ɗaya, don bincike kawai.

Yaya ya ce sai ya dawo da inuwa, ya dawo da jama'arsa. Ya dasa mangwaro, ya bushe. Ya dasa darbejiya, wadda ko a kan dutse ka jefa ta sai ta gode maka, ita ma ta bushe. Ya zargi awaki, ya kewaye da bulo. Ya zargi bakin mutane, ya yi tofi. Har ni ya zarga, wai kallon da nake wa dashen ba na alheri ba ne.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Filato da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ita ta tsaya wata rana za ta coci. Bayan doguwar gaisuwa ta durƙusa ta sunsuna ƙasar, ta faɗi wani suna na Turanci mai tsawon tirela da bodi. Ta ce guba ce da ke cikin baƙin mai da hayaƙin taya, tana manne wa ƙasa, ruwan sama ba ya wanke ta, kuma yawan cuɗanya da ita na iya kai mutum ga ciwon daji. Man kuma ya toshe ƙasar, saiwa ba ta samun iska.

"Oga, bishiya ma da sauƙi," in ji ta. "Yaranka nan suke wasa, da hannun nan suke cin abinci."

Yaya ya ce Madam ta cika tsoro, mu ma a nan muka girma. Na tuna masa cewa mu a kan yashi muka girma, kwalta shi ya shimfiɗa ta daga baya. Bai kula ni ba, amma washegari na gan shi da diga. Ya haƙe wurin har gwiwa, ya sa masu tura kura suka kawo ƙasa daga bakin kogi, ya dasa wata darbejiya a ciki, baƙar kuma ya tara ta gefe kamar dalar gyaɗa.

Ranar kasuwa sai ga wani tsoho mutumin Lajawa da ke kawo mana alayyafo da rama. Yana ganin tulin idonsa ya buɗe. A wurinsa baƙar ƙasa taki ce, iya baƙinta iya albarkarta. Ya ce zai kwashe ta tas, har ya share wurin. Yaya ya dubi tulin da ya tare masa wurin ajiye benci, ya dubi damin alayyafon da aka sauke wa matarsa.

"Baba, wannan ba ta gona ba ce," ya ce. "Idan na ba ka, a miyata za ta dawo."

Tsoho bai yarda ba. Ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa akwai bakanike a Wudil mai rowar ƙasa.

Tulin na nan har yau, an rufe shi da tsohon tamfol, don babu wanda ya san inda za a kai shi. Sabuwar darbejiyar ta kama, ta kai ƙugu, inuwarta za ta ishi kaza ɗaya in ta takure. Majalisa tana wurin tela. Yaya kuwa kullum la'asar yana kan bencinsa kusa da dashen, riƙe da lema, ya bar gefe guda na bencin babu kowa. Ni nake zama a wurin, in rana ta yi sanyi.